Saura Yunit Tara

Mitar da ke manne a bangon zaurenmu
jan ido ɗaya gare ta, ba ta ƙifta shi sai da dalili.
Yau ta ƙifta.
Saura yunit tara, wata saura kwana goma sha ɗaya,
albashi kuwa ko takalmi bai saka ba.

Bazarar Kaduna ba ta san sabo ba.
Da azahar kwanon rufi yana ƙas-ƙas
kamar ana taka busasshen kara,
kogi ya ja da baya, ya bar duwatsu tsirara ƙarƙashin gada,
kwalta tana kama silifa a Tudun Wada.

Na tara yara a tsakar gida, na ce:
daga yau wuta baƙuwa ce, ba 'yar gida ba.
Mamuda, ƙwan banɗakin da ke kwana yana haska buta,
butar ba karatu take yi ba. Kashe shi.
Ladidi, firji ba taga ba ce, da za ki buɗe ki tsaya kallo,
san abin da kike so kafin ki taɓa ƙofar.
Guga sai Asabar, kayan mako a tari guda.
Wanda rigarsa ta yamutse ran Laraba
ya shimfiɗa ta ƙarƙashin katifa, ya kwana a kai.

Suka yi tsaki a ciki, na ji shi a waje.

Inna Tabawa tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Kai ma," in ji ta, "cajarka na bango tun jiya,
ba waya a bakinta."
Na je na zare.
Yara suka samu abin dariyar kwana uku.

Ita ta sa aka ɗauko randa daga bayan ɗaki,
inda muka yasar da ita shekarar da firji ya zo.
Aka wanke, aka turara,
aka girka ta kan jiƙaƙƙen yashi a gindin darbejiya,
aka ɗaura mata buhu kamar zani.
Ruwanta yana ƙanshin ƙasa da hayaƙi.
Ba ya tsinka haƙori irin na ƙanƙara,
amma yana sauka har inda ƙishi ke zaune.

Tagogin yamma a rufe tun hantsi,
a buɗe bayan isha'i, in gari ya huce.
Jiƙaƙƙen mayafi a bakin ƙofa,
iskar da ta ratsa shi da sallama take shigowa.

Ba zan ɓoye ba:
na'urar sanyin Ɗantala maƙwabci tana ɗiga ta bayan katanga,
ɗis, ɗis, dare duka,
ni kuma ina juyi a tabarma, gumi har cikin kunne,
ina lissafa masa kuɗin da ba ni zan biya ba.

Muka koma kwana a waje, cikin gidan sauro.
Daga nan ake jin kukan jirgin ƙasa ta wajen Rigasa.
Ladidi ta nuna sama, ta ce waɗancan fa, masu cunkushewa?
Inna ta ce Kaza da 'ya'yanta ke nan, za su shiga akurki.
Shekararta goma sha biyu a gidan nan,
ba ta san muna da su ba.

Bakwai. Biyar. Huɗu.
Kullum da asuba nakan duba kafin alwala,
kamar mai jinya yana taɓa goshi.

Ran ashirin da takwas hadari ya haɗo daga gabas,
iska ta kayar da turke a kan layi,
aka ɗauke wuta kwana huɗu.
Mita ta rufe ido da yunit biyu a cikinta.
Ɗantala ya aiko yaro da jarka,
wai ko akwai sauran ruwan sanyi.

Inna ta ɗaga faifai, ta miƙa masa moɗa.
Randa ko labari ba ta ji ba.